Neman Faifan Garmaho Daga Anka Zuwa Gummi

Babu kantin faifai a Anka. Babu shi a Bukkuyum, babu shi a Gummi. A Ingila akwai shagunan ƙungiyoyin agaji, irin na Oxfam da ta buɗe shagonta na farko a birnin Oxford a ƙarshen shekarun 1940, inda iyalai ke kai tufafi da littattafai da faya-fayan mamatansu kyauta, a sayar, a yi aikin taimako da kuɗin. Masu son kiɗan jaz a can sukan wuni suna bin irin waɗannan shaguna, suna tona kwali bayan kwali, ko Allah zai sa su dace da faifan da aka daina bugawa tun kafin a haife su. A yammacin Zamfara tsohon kaya ba ta nan yake bi ba. Sadaka hannu da hannu ake yin ta, ga maƙwabci ko ga almajiri, kuma ba wanda zai miƙa wa almajiri faifai. Abin da mamaci ya bari rabon gado yake shiga. Wanda magada suka ga ba shi da daraja sai a tura shi ƙarƙashin gado ko bayan rumbu, daga nan ya faɗa hannun dillaliya, ko ɗan gwangwan, ko wuta. Saboda haka mai neman faifai a nan dole ya zama baƙo mai sallama a ƙofar gida, ya zauna a zaure, ya sha ruwa, ya faɗi wanda ya aiko shi.

Ƙasar da kanta ce ta sa wannan nema ya cancanci wahala. Zamfara da maƙwabtanta gidan kiɗa ne. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan ƙasar Bakura ne da sunansa ya haɗu da na Maradun. Sa'idu Faru daga Faru ta ƙasar Maradun ya fito. Salihu Jankiɗi, makaɗin Sarkin Musulmi, a Rawayya aka haife shi. Ibrahim Gurso na Mafara ne, Kassu na Zurmi, Sani Sabulu na Kanoma, Ibrahim Narambaɗa kuwa na Tubali da Isa, kusa da kufan Birnin Zamfara. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗan nan da matanin waƙoƙinsu, aikin da ya tsare mana kalmominsu a takarda. Saura murya. A jikin me aka fara ɗaukar ta, kuma a hannun wa abin yake yau?

Daga Gusau zuwa Anka hanyar Sakkwato ake kamawa, a wuce Bunguɗu da Maru, a mararrabar Mayanchi a karya hagu. Direbobin hanyar ba sa tashi sai rana ta fito sosai, kuma kowa burinsa ya sauke fasinja kafin la'asar ta yi sanyi. Akwai shingayen bincike da yawa. Gonakin gero da dawa na bakin titi a nome suke, amma in ka miƙa ido can nesa za ka ga filayen da ciyawa ta cinye, kuma ba sai an gaya maka dalili ba. A cikin mota hira takan mutu a wasu wurare, sai an wuce ta dawo.

Anka gari ne mai nauyin tarihi. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, gidan sarautar ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har ya tabbata a Anka a ƙarni na 19, kuma har yau a nan Sarkin Zamfara yake zaune. Wanda ya sauke ni ya ce kada in ɓata lokaci wajen 'yan gwanjo, su tufafi da takalma suka sani. Ya kai ni rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo a gefen kasuwa. Rumfar cike take da matattun akwatuna har rufi: rediyo mai rigar fata, rikoda mai baki biyu, sifikun da ɓera ya huda, ga ƙarfen liƙi yana ɗumi a kan gawayi saboda ba wuta. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya ajiye tabarau ya dube ni.

"Hwaihwai? Malam, ai ka makara. Da shekara ashirin baya kaz zo, da ka cika buhu."

Duk da haka ya tashi ya jawo wata tsohuwar na'urar juya faifai daga ƙarƙashin tebur, ba allura, ba murfi. A cikinta akwai 'yan ƙananan faya-fayai da ƙura ta manne su da juna. Ya ce mai ita ya kawo gyara tun zamanin mulkin soja, bai dawo ba, shi kuma bai yarda ya sayar da amanar mutum ba. Daga nan ya shiga jero mini sana'arsa kamar mai karanta salsala. Ubangidansa garmaho ya gyara, mai hannun wanawa. Shi da rediyo mai faifai ya fara, ya koma kaset, ya ɗan taɓa sidi, yanzu kuma yara ke kawo masa ƙananan rediyon da ake soka wa memori, waɗanda in sun lalace sayen sabo ya fi gyara sauƙi.

Faifai iri uku ne, kuma mai nema ya kamata ya san su da hannu. Na farko shi ne na garmaho na asali, mai kauri da nauyi, mai juyi 78 a minti ɗaya. Da wani irin ƙaro ake yin sa, wanda wasu ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, shi ya sa in ya faɗi ƙasa sai ya tarwatse. Na biyu babban faifan roba ne mai juyi 33 da ɗan ɗori, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948. Na uku ƙarami ne mai juyi 45, na kamfanin RCA, daga 1949. Na robar ba sa fashewa da sauƙi, amma zafi ke kashe su. Faifan da ya kwana biyu a kwance a ɗakin kwano cikin bazara sai ya lanƙwashe, allura ta dinga hawa da gangara a kansa. Kwalin da ake saka shi kuwa abincin gara ne.

Garmaho ba ya cin wuta ko batir. Sifirin ne a cikinsa, a wana shi da hannu, ya dinga sakin ƙarfinsa a hankali. Allurarsa ta ƙarfe ce, kuma ƙa'idar masu ƙera ta ita ce a canza sabuwa bayan kowane gefe. A ƙauyen da sai an je Gusau ake samun gwangwanin allura, wa zai bi wannan ƙa'ida? Dattijon ya ce wasa ta ake yi a kan dutse a mayar. Allurar da aka wasa kuwa tana cin zanen faifai kaɗan-kaɗan, har murya ta nutse cikin ƙara. Yawancin tsofaffin faya-fayan da suka tsira a ƙasar nan sun ji jiki ne saboda an so su, an juya su dare da rana a dandali da gidan biki.

Ta Gusau kayan suka shigo. Jirgin ƙasa ya iso can a ƙarshen shekarun 1920, kantunan kamfanoni irin su UAC da John Holt suka kafu, kuɗin gyaɗa da auduga suka fara zagayawa. Sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama, da ma'aikatan En'e, da malaman makaranta, da direbobin manyan motoci, da alhazai, su ne suka ɗauko akwatin mai magana suka kai shi garuruwan da ba su taɓa ganin fitilar lantarki ba. Tsofaffi da yawa ba su riƙe sunan kamfani ba, amma sun riƙe tambarin kare zaune yana sauraron ƙaho, wato alamar HMV.

A nan ne kuma matsalar makaɗanmu take. Gefe ɗaya na faifan 78 minti uku ne da 'yan daƙiƙoƙi. Waƙar fada kuwa ba a gaggauta ta. Makaɗi zai kafa gindi, 'yan amshi su karɓa, ya kawo ɗa, ya yi zuga, ya yi habaici, ya koma gindi, kuma minti uku ba su isa ya gama gaisuwa ba. Ga shi manyan kamfanonin, EMI da Decca da Philips, a Legas suke da zama, hankalinsu na kan kasuwar kudu. Kamfanin Tabansi ne ya faro daga Kano a shekarun 1950. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya sami faya-fayai da dama a EMI, Ɗanmaraya Jos ma an buga nasa. Amma mafi yawan abin da muke ji yau na makaɗan fadar Zamfara da Sakkwato ta gidajen rediyo ya iso mu, musamman gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da Rima ta Sakkwato daga baya, a kan manyan zaren ɗaukar magana. Da kaset ya cika kasuwa a shekarun 1970, bayan Philips ta ƙirƙiro shi a 1963, sai ya dace da mu ta kowace fuska: yana cin sa'a guda ko fiye, batir ya ishe shi, ana ɗauka da shi a gaban makaɗi, ana kwafa daga wannan zuwa wancan. Faifai bai daɗe ba ya koma kayan ajiya.

Ba zai yiwu a yi maganar ajiya a Anka a tsallake abin da ya sami mutanenta ba. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, kafin a gano Bagega ma ta kamu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinyar waɗanda suka rayu. Sai ga 'yan bindiga. A 2021 an rufe kasuwannin mako an datse layukan waya a jihar, a farkon Janairun 2022 kuma aka kai munanan hare-hare a ƙauyukan ƙananan hukumomin biyu. Mutane da yawa sun gudo cikin Anka, wasu suka fake a ginin sabuwar fadar sarki da ba a kammala ba. Wata baiwar Allah daga cikinsu ta ji abin da nake tambaya, ta ce mijinta yana da adaka guda ta irin waɗannan, da hotuna, da takardun gona, duk sun ƙone tare da rumbu. A gurguje ta faɗe shi, domin a cikin abin da ta rasa wannan ne mafi ƙanƙanta. Wanda ya fita da dare yara yake ɗauka. Amma kowane ƙauye da ya tashi, da abin da ya ajiye na shekara hamsin yake tashi, kuma ba mai lissafa wannan.

A kasuwar Nasarawar Burkullu ta ƙasar Bukkuyum na zauna wajen 'yan gwangwan. Sikeli ne alƙalinsu. Injin garmaho ƙarfe ne mai nauyi, wani yana da tagulla a jiki, saboda haka yana da farashi. Faifai ba ya shiga sikeli. Wani saurayi cikinsu ya ce in sun sayi tarkacen gida suka tarar da shi, yara suke bari wa, su yi gare da shi ko su yi ta wurgi har ya fashe. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ƙarfe ce. Na bar masa roƙo ɗaya, in ya sake gani ya jingine shi a inuwa, ya gaya wa mai gyaran rediyo mafi kusa. Ya ce, "To Alhaji, in dai akwai mai so, ai ba a zubarwa."

Cikin garin Bukkuyum aka haɗa ni da wani gida da aka ce marigayin mai shi ɗan kasuwa ne da ya je Makka tun ana daɗewa a hanya. Jikansa ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya shiga ya fito da adaka, wata tsohuwa kuma ta biyo shi ta zauna daga bakin ƙofar ciki. A cikin adakar, ƙarƙashin wata tsohuwar alkyabba, faya-fayai ne a naɗe cikin zane, a tsaye, kamar wani ya koya mata. Akwai na waƙoƙin finafinan Indiya. Akwai na karatun Alƙur'ani, da rubutun Larabci a tsakiya, na Shaihu Mahmud Khalil al-Husari, makarancin Masar da aka fara ɗaukar cikakken karatunsa a faifai a 1961. Akwai kuma guda biyu na Hausa, ɗaya na Shata, ɗaya takardarsa ta goge har ba a iya karanta suna. Ban kai ga buɗe baki ba ta riga ni.

"Ɗana, wanga kayan Alhaji na, Allah shi jiƙan shi. Ba na saisuwa ba na. Duba dai, ka maido man."

Na ce, "Inna, ko kin ce in ɗauka ba zan ɗauka ba. Hoto kawai nake roƙo." Ta yarda. Ta ce rabon da ta ji muryar abin tun kafin a aurar da 'yarta ta fari, amma duk shekara bayan damina takan fito da su ta kakkaɓe. Na daɗe ina tunanin wannan tsohuwa. Ba ta da na'ura, ba ta karanta boko, amma ta yi abin da ma'aikatan adana tarihi ke karɓar albashi su yi.

Abin da na ɗauki hotonsa shi ne takardar da ke manne a tsakiyar faifai, kuma a ganina ita ce dukiyar. A kanta akwai sunan makaɗi, da sunan waƙa, da kamfani, da lambar bugu, wani lokaci har da shekara da ƙasar da aka buga. Da wannan lamba mai bincike zai iya gane wace waƙa ta riga wace, da lokacin da makaɗi ya canza 'yan amshi, da lokacin da ya yi wa wane waƙa. Kwatanta wannan da abin da ke faruwa a teburin masu turi a kowace tasha. Ka ba yaro memori da 'yan kuɗi kaɗan, ya cika maka shi da ɗaruruwan waƙoƙi, kuma wannan alheri ne da ba a taɓa samun irinsa ba, domin manomi a gona yana jin Narambaɗa a aljihunsa. Sai dai waƙoƙin sun iso tsirara. An kwafe su daga kaset, kaset daga wani kaset, wancan daga rediyo. Farkon wata ya yanke, ƙarshen wata ya shige cikin sanarwar mai gabatar da shiri. Na ga an rubuta sunan Ɗanƙwairo a kan waƙar da duk dattijon Zamfara zai ce maka ta Sa'idu Faru ce. Yaron da ya tura ba shi da hanyar sani, shi ma haka ya same ta. Tsofaffin da ke iya gyara kuskuren da kunne kuwa suna raguwa duk shekara.

Daga nan hanya ta bi ta Daki Takwas ta shiga Gummi. Garin yana bakin gulbin Zamfara, ga fadama shimfiɗe, shinkafa da kayan lambu, ga masunta. Nan ne mahaifar Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, kuma Sarkin Mafaran Gummi, Mai shari'a Lawal Hassan Gummi, tsohon babban jojin Abuja ne. Gari ne na malamai da ma'aikata, shi ya sa na fi sa rai da shi. Gulbin da ke ciyar da garin kuma shi ke yi masa ɓarna. Ambaliyar Agustan 2024 ta rushe gidaje masu yawa, kuma har yanzu ana ganin alamar inda ruwa ya tsaya a jikin wasu katangu.

A Gummi na sami jaz. Wani tsohon malamin makaranta ne, mai ritaya, daga cikin waɗanda aka horar lokacin da ake shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Ya ce da kuɗin ƙarin albashin Udoji na 1975 abokansa suka sayi babur, shi ya sayi rediyo mai faifai da sifiku biyu. Ranar ambaliya, kafin ya fitar da katifa, kwalin faya-fayansa ya ɗora a kan kabad. Muka zauna muna fitar da su ɗaya bayan ɗaya, sai ga tarihin kunnen ma'aikacin Arewa na wancan zamani a shimfiɗe a tabarma: Jim Reeves, Jimmy Cliff, Prince Nico Mbarga, Victor Uwaifo, Bala Miller da ƙungiyarsa ta Kaduna, Shata, Ɗanmaraya. Can ƙasa sai ga Louis Armstrong, riƙe da ƙahonsa da farin hankici, gara ta ci kusurwar kwalin amma faifan lafiya lau.

Na ce, "Malam, ina ka haɗu da wannan?"

Ya ce a gajeren zango. Suna kwaleji, in dare ya yi sukan kama Muryar Amurka, su ji shirin jaz na Willis Conover, wanda ya fara tun 1955. Turancin mutumin a hankali yake, shi ya sa malaminsu ya ce su dinga saurare don koyon harshe, sai kiɗan ya kama shi. Ya ce abin da ya ja shi shi ne yadda mai busa ke barin hanya ya yi yawo ya dawo daidai kan gaɓa, abin da ya saba ji wajen masu algaita a ƙofar fada. Faifan kuwa a Sabon Garin Kano ya saye shi, a hannun wani mai kanti da ke rage kaya saboda kowa ya koma kaset.

Jaz ba baƙo ba ne a Arewa kamar yadda ake zato. Armstrong da kansa ya zo Nijeriya a 1960, kuma akwai sanannen hotonsa a Kaduna tare da Sardauna Ahmadu Bello suna dariya. Yusef Lateef, Ba'amurke musulmi, gwanin busa, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya nazarci sarewar Fulani, ya rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausa tare da Ziky Kofoworola, kuma a 1983 ya fitar da faifai mai suna Hikima tare da makaɗan gida. Bugun farko na wannan faifai yana da wuyar samu ƙwarai, har sai da aka sake buga shi a waje. Ɗaliban Zariya na wancan lokaci sun watsu a duk Arewa, har da garuruwan nan, kuma ba abin mamaki ba ne wata rana a tarar da shi a adakar wani tsohon ma'aikaci.

Akwai abin da ke ci mini rai a nan. Wani mai bincike, David Ames, ya ɗauki kiɗan Hausa a farkon shekarun 1960, musamman a ƙasar Zazzau, aka buga shi a manyan faya-fayai biyu cikin jerin UNESCO a Jamus, da bayani da hotuna. Mai tona kwalaye a Landan ko Balin ya fi malamin Gummi damar cin karo da su. Tun daga 2001, da aka fitar da tarin tsofaffin waƙoƙi mai suna Nigeria 70, masu neman tsofaffin faya-fayai daga Turai da Amurka suka dinga zuwa Legas da Anaca da Kano suna saye buhu-buhu. Ba zan yi musu kuɗin goro ba. Wasunsu sun nemo makaɗan ko magadansu sun biya, sun kuma dawo da sunayen da mu muka manta. A 2013 kamfanin Sahel Sounds ma ya buga waƙoƙin finafinan Hausa a faifan roba mai suna Harafin So, a daidai lokacin da mu muke zubar da namu. Amma faifan da ya tsallaka teku ba ya dawowa, kuma mai shi da aka ba 'yan canji bai san abin da ya rabu da shi ba. Rashin tsaro ya hana irin waɗannan baƙi isowa yammacin Zamfara, don haka abin da ya rage yana nan a hannun masu shi, ga gara, ga zafi, ga ruwa, ga wuta.

Aikin da ake bukata ba mai tsada ba ne. Na'ura ɗaya mai kyau, da allura iri biyu, ta 78 da ta roba, da kwamfuta, da mutum biyu da gari ya yarda da su. A je gida, a wanke, a ɗauki sauti, a ɗauki hoton takarda gaba da baya, a rubuta abin da mai shi ya tuna, a mayar masa da kayansa tare da kwafi a wayarsa. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da aka kafa a 2013, tana da ɗaliban Hausa da ke neman abin rubuta kundi, da yawansu 'yan garuruwan nan ne da ba sa bukatar mai yi musu iso. Akwai gidan adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Arewa House a Kaduna, kuma ɗakin karatu na Birtaniya yana da shirin tallafa wa ceton kayan tarihin da ke cikin haɗari tun 2004. Fadojin Anka da Bukkuyum da Gummi kuwa, in suka yi kira, adakoki za su buɗe, domin kakannin sarakunan ne aka wasa a cikin waƙoƙin.

Kafin wannan ya samu, mai faifai a gida zai iya yin nasa. A jingine shi a tsaye, kada a kwantar a ɗora masa kaya. A nisanta shi da rana da rufin kwano. In za a wanke, ruwa mai tsabta da ɗan sabulu kaɗan sun isa, a bi zanen a kewaye da tsumma mai laushi, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Kada a kusanto da kananzir ko fetur, shi kuma mai nauyin nan na 78 sifirit narkar da shi yake yi. Kada kuma a ɗora allurar ƙarfe ta garmaho a kan faifan roba, juyi ɗaya ya isa ta kashe shi.

Na'urar malamin Gummi tana kamawa in an sa mata wuta, amma bel ɗinta ya saki kuma allurar ta karye. Mai gyara na garin ya taɓa yanka masa bel daga tsohon tiyub na keke, faifan ya juya, sai dai gudun bai daidaita ba, muryar tana ja tana saki. Jikansa da ke karatu a Gusau ya sayi littafin rubutu ya ja layuka: sunan makaɗi, waƙa, kamfani, lamba, inda aka saya, da shekara in Malam ya tuna. Sun cika shafi huɗu kafin in taso. An ba wani direba da ke zuwa Kano sallahun allura da bel, da lambar na'urar a rubuce a takarda, ya duba a Sabon Gari. Na tambayi Malam wanne za a fara ɗauka in kayan sun iso, ina zaton Armstrong zai ce. Ya ce na Shata, domin tun da labari ya bazu a unguwa, dattawan majalisarsu ke aiko yara suna tambaya ko an gyara.